Ranar da Gashe Zeleke Ya Busa Ƙaho a Tashar Jirgi

Duk wanda ya tashi a Shenkora Sefer, tsohuwar unguwar masu rake da ke tsakiyar Addis Ababa, a bakin Gashe Zeleke ya fara jin labarin mutuwa. Gari bai gama wayewa ba za ka ji ƙahonsa daga wajen famfon unguwa, busa mai tsawo mai tsinka barci, sannan muryarsa ta biyo baya kamar ana jan kwano a kan dutse: "Wane ya riga mu gidan gaskiya! Maza a fito a kafa tanti!" Sai ya matsa lungu na gaba ya sake. Aikin da idir ta ɗora masa ke nan, wato ƙungiyar da 'yan unguwa suka kafa don binne mamatansu, kuma ya riƙe shi tun gashinsa na baƙi har ya koma fari fat.

Da rana gyaran laima yake yi a gindin wata katanga. Gajere ne mai faɗin ƙirji, zuciyarsa kuwa a kusa take, ba sai an je neman ta ba. In aka yi rasuwa wani magidanci ya yi lamo a gado kamar bai ji ba, Zeleke zai je ya cusa bakin ƙahon ta tagarsa, ya yi ta busa har sai mutumin ya fito da wando a hannu. Mata ba sa son ya tsaya musu a ƙofa ko da gaisuwa ya zo yi.

"Gashe, wuce gaba don Allah, mu nan lafiyarmu ƙalau."

"Ai ba ni nake kawo mutuwar ba, Etiye yayata, ni ɗan aike ne. Taki ma ni zan faɗa. Ki gyara hali tun yanzu in samu abin cewa."

Mace ɗaya ce ba ta taɓa korar sa ba, Emama Bogalech, wato Inna Bogalech. Ba ta da miji, ba ta da ɗa, sai ɗaki guda a bayan gidan wasu da wata ƙatuwar tukunyar ƙarfe wadda sai an kama wa mutum yake iya ɗaga ta. Duk makokin da aka yi a unguwar, na Kirista ne ko na Musulmi, ita ce a gindin murhu tana dafa nifro, alkama da waken nan da ake ci a zaman makoki. Lokacin da matar Zeleke ta rasu ta bar masa jaririya ko yaye ba a yi mata ba, Bogalech ce ta shigo ta ɗauki yarinyar ta goya. A bayanta yarinyar, Yeshiwork, ta girma, a ɗakinta ta koyi tafiya.

Sai aka zo da layin dogo. Aka kakkafa ginshiƙan siminti, aka ja shingen ƙarfe, unguwa ta rabu biyu, coci ya koma can tsallake. Ba a gama hucewa da wannan ba masu jan fenti suka shigo suna shafa alama a bangon gidaje. Aka rarraba wa mutane ɗakuna a benayen bayan gari, wasu gabas, wasu kudu, kamar an jefa dutse cikin garken tsuntsaye. Zeleke da 'yarsa suka faɗa can ƙarshen layi, a saman bene. Bogalech ba ta da takardar gida da sunanta, don haka ba a ba ta komai ba. Ta maƙale a ɗan yankin da bai rushe ba, bayan sabuwar tashar.

Ranar da aka loda kayansa a mota Zeleke ya ɗaga kai ya dubi gadar jirgin, ya tofa miyau, ya rantse da Mala'ika Jibrilu ƙafarsa ba za ta taɓa taka wannan macijin ƙarfe ba. Kuma ya riƙe rantsuwar shekara da shekaru. Ya zauna a barandar bene yana kallon rufin motoci. Ba mai kawo masa laima, don mutanen wurin in tasu ta karye yar da ita suke yi su sayi wata. Maƙwabcinsa na ƙofa da ƙofa ya mutu, bai sani ba sai da ya ga ana saukowa da akwatin gawa ta matakala ana ta kokawa da shi a kwana. Yeshiwork ta sayo masa waya, ya jefa ta cikin kwandon albasa, ya ce shi ba ya magana da wanda ba ya ganin idonsa.

Wata ranar Talata Yeshiwork ta dawo daga masaƙar da take aiki idanunta jajur. Ta tsaya a bakin ƙofa ko jaka ba ta ajiye ba.

"Abbaye, Emama ta rasu."

"Wace Emama?"

"Emama Bogalech. A cikin jirgi na haɗu da wata ta gaya min. An fi mako biyu da binne ta. Wai babu kowa a wurin."

Zeleke ya tashi ya durƙusa ya jawo ƙahon daga ƙarƙashin gado, ya goge shi da gefen gabi, mayafin nan nasa na farin auduga. Yeshiwork tana kuka tana cewa ya bari sai Lahadi ta raka shi, tun da bai san kan jirgin ba.

"Lahadi? An tura matar da ta goya ki rami kamar mushen kare, ke kina ce min Lahadi?"

Da sassafe ya naɗe ƙahon cikin gabi ya fita. A bakin tasha wani mai gadi ya tare shi yana lalube masu shiga.

"Ababa, mene ne wannan ka ƙunshe?"

"Ƙaho ne."

"Na me?"

"Na sanar da mutane ranar da ka mutu. In gwada maka?"

Mai gadin ya yi dariya ya matsa masa. Zeleke bai yi dariya ba.

Cikin jirgin mutane a cushe suke kamar kaji a akurki. Gwiwar hannun wani a kunnensa, jakar wata a haƙarƙarinsa, kowa ya sunkuyar da kai kan waya, ba mai gaida wani. Wata budurwa ta miƙe ta ba shi kujera. Ya ce ba ya so, shi ba gurgu ba ne. Jirgi ya ja, ya yi tangal-tangal, ya zauna yana gunaguni. Da suka iso tashar saura kaɗan ya wuce, don muryar da ke magana daga rufin jirgin ba ta ce Shenkora Sefer ba, sunan wani sabon rukunin kantuna ta kira. Hasumiyar cocin ce ya hango ta taga, ya yunƙura yana ture mutane yana cewa a ba shi hanya.

Ya tsaya a kan dandamali, can sama, iska na kaɗa masa gabi. Ya riƙe ƙarfen ya leƙa ƙasa. Inda gidansa yake an shimfiɗa kwalta motoci na hutawa a kai, har da mai gadinsu da laimarsa sabuwa. Inda famfo yake wani gini ne na gilashi mai ɗauke ido. Katangar da ya ƙare ƙuruciyarsa a gindinta babu ko tubali ɗaya. Ya sauko matakalar yana dafa ƙarfe yana tsine wa wanda ya ƙirƙire ta. A ƙasa ya tari wani saurayi mai igiyar waya a kunne.

"Ɗana, ta ina ake shiga abin da ya rage na Shenkora Sefer?"

Saurayin ya zare igiya ɗaya. "Ina? Ban taɓa jin wurin ba, Ababa."

"A kansa kake tsaye, sakarai!"

Ya juya zai wuce, sai idonsa ya faɗa ƙarƙashin matakalar. Wani tsoho ne da farar hula ya ɗora katako a kan kwali, ya jera safa da takardar goge hanci da tsinken sakace. Shemsu ne, maƙwabcinsa na dā, wanda a wancan zamani yake da kanti mai ƙofa da kwaɗo, kuma shi ne mai ɗaure igiyar tanti a duk makoki.

"Shemsu! Kai ne nan a ƙarƙashin matakala kamar ɓera?"

Shemsu ya ɗago ya ƙura masa ido. "Ikon Allah! Mai ƙaho! Ashe kana raye? Ai na ɗauka ka mutu ba a samu mai busa maka ba."

"Bar wannan. Ina Bogalech?"

Shemsu ya nuna masa wani dutse kusa da katakonsa, ya ce nan take zama. Tun da aka watse ta koma sayar da gahawa a fulas ga masu saukowa daga jirgi. Wata safiya ba ta fito ba. Da rana ta take ya je ya tarar da ƙofa a kulle ta ciki, ya nemo 'yan dako suka ɓalle. Tana zaune a ƙasa ta jingina da gado, takalmi ɗaya a ƙafa, ɗayan a hannu.

"Na kira Ato Fikadu, shugaban idir ɗinmu," in ji Shemsu. "Ka san me ya ce min? Wai idir ai ta watse, tanti ma an sayar, in kira 'yan hukuma su ɗauke ta. 'Yan hukuma, Zeleke! Ni Musulmi, ni na zaga har tsallake na shiga coci na nemo fada, limaminku. Ni da 'yan dako biyu da wata mai sharar titi muka kai ta. Ko addu'arku ban iya ba, tawa na yi mata a zuci."

Zeleke ya zabura. "To ni me ya hana ka kira ni?"

"Da me zan kira ka? Da ƙaho?"

"Da ka aiko! Da ka hau wannan la'anannen jirgi ka zo!"

"In zo ina? Wane bene? Wa ya san ramin da ka shige? Kai ne ka je ka hau sama kana fushi da jirgi. Jirgi ya san kana yi? Ita kuwa matar nan kullum idonta na kan matakala, in ta ga gajeren tsoho sai ta ce, Shemsu, duba min, ba Zeleke ba ne? Yau ka zo kana min huci kamar kububuwa!"

Zeleke ya caƙumi wuyan rigarsa. Shemsu ma ya caƙumi gabinsa. Katako ya kife, safa ta watse a ƙasa, tsofaffi biyu suna jijjiga juna numfashi na neman ƙwace musu, sai da wata mai gasa masara ta shiga tsakani tana cewa su ji kunyar furfurarsu. Zeleke ya sake shi. Bai taya shi tsince safar ba. Ya tambayi hanyar ɗakin kawai, Shemsu ya nuna da haɓa.

Wani siririn lungu ne tsakanin shingen kwano da bayan wani gidan shan gahawa na 'yan gayu. Ɗakin yana nan, amma an cire gadon, an cika shi da akwatunan kwalaba da tukwanen gas. Ko gicciyen da take ratayewa a ƙusa babu. Yana juyowa sai ya ga tukunyar. An ajiye ta a ƙarƙashin bututun wanke-wanke, ta cika da ruwan datti da tukar gahawa da ɓawon albasa, ƙudaje na shawagi a kai.

Nan ne abin ya ƙwace masa. Ya sa ƙafa ya tura, ya sa kafaɗa ya ƙara, tukunya ta kife, ruwan ƙazanta ya malala har cikin madafar gidan gahawar. Masu wanke-wanke suka yi ihu. Manajan wurin ya fito da farar riga yana ɗage ƙafar wando.

"Kai tsoho, lafiyarka kuwa? Kayanmu ne wannan, mai ɗakin ne ya bar mana."

"Kayanku? Ubanka ne ya saya? Tukunyar nan ta ciyar da mutanen da ƙafarsu ta fi fuskarka tsabta. Matsa min ko in kifa maka ita a ka!"

Manajan ya waiga ya ga baƙinsa sun fara leƙowa ta gilashi da kofuna a hannu, sai ya ce a ƙyale shi, mahaukaci ne. Zeleke ya gangaro da tukunyar a kan gefenta tun daga lungun har gindin matakala, tana ƙara kamar ana rushe gida, masu wucewa na darewa. Ya jingina ta kusa da katakon Shemsu, ya zauna a kan dutsen Bogalech, ya juya masa baya.

Haka suka wuni. Da azahar Shemsu ya sayo burodi da shayi ya ajiye a gefensa. Zeleke ya ture. Can da yunwa ta ci ƙarfinsa ya jawo ya ci, bai ce an gode ba. Sai wajen la'asar Shemsu ya yi magana, shi ma ba tare da ya dube shi ba.

"Abin da ya fi ci min rai, ta nan suke wucewa kullum. 'Yan unguwarmu. Barcinsu ne kawai ya koma bayan gari, aikinsu yana nan. Da safe su sauko, da yamma su hau. Wasu har gahawarta sun sha. Ba wanda ya tsaya ya ce, Shemsu, ina tsohuwar nan ta shiga?"

Zeleke ya juyo a hankali. "Yanzu ma za su wuce?"

"In an tashi daga aiki. Me ya faru? Kai, Zeleke, ina za ka? Zeleke!"

Ya riga ya kama matakala. Lokacin ma'aikata sun fara tururuwa, dandamali ya cika maƙil, kowa ya miƙa wuya yana leƙen jirgi. Ya kutsa har tsakiya, ya warware gabi, ya kai ƙahon baki. Busar farko ta fito a shaƙe kamar kukan ɗan akuya, wasu 'yan mata suka ƙyalƙyale da dariya. Ya ja numfashi tun daga cikin cikinsa ya sake. Wannan karon rufin tashar ya amsa, tantabaru suka tashi, surutu ya ɗauke ɗif.

"Emama Bogalech ta Shenkora Sefer ta rasu!" Muryarsa ta tsage. "An binne ta ba ku nan! Ku da kuka ci nifronta! Ku da ta tsaya wa iyayenku! Ku da ta goya ku uwayenku na kasuwa! 'Yan dako ne suka ɗauke ta! Allah ya tambaye ku!"

Yawancin mutanen ba su san wa ake nufi ba, wasu suka ɗaga waya suna ɗaukar sa. Amma can gefe wata mata ta saki kwanon abincinta ya faɗi ya tarwatse. Zenebech ce, 'yar mai niƙa ta dā, wadda yanzu take sharar ofisoshi. Ta dafe ƙirji da hannu biyu ta kurma ihu irin na makoki, wata ta amsa mata daga ɗaya ƙarshen, wani dattijo ya cire hularsa ya tsaya kamar an dasa shi.

Jirgi ya shigo. Cikin masu rububin shiga Zeleke ya hango wani dogo mai kwat da jakar hannu yana ƙoƙarin ɓoye fuska.

"Dereje! Dereje ɗan Abaynesh! Na gan ka! Ranar da uwarka ta mutu wa ya tsaya a murhu har hayaƙi ya kusa makantar da ita? Juyo ka dube ni, ɗan banza!"

Dereje bai juyo ba. Ƙofa ta rufe, jirgi ya tafi da ƙeyarsa. Zeleke ya ɗaga ƙahon zai sake busawa, sai ya ji an murɗe masa hannu ta baya. Masu gadi ne. Ɗaya ya fizge ƙahon, suka sauko da shi kusan ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa, yana zagin su, yana zagin jirgin, yana zagin wanda ya zana shi.

A ofishinsu na ƙasa shugaban masu gadin, wani mai matsakaicin shekaru, ya zaunar da shi ya ajiye ƙahon a kan tebur.

"Ababa, ka san abin da ka yi kuwa? Wurin nan cike yake. Da mutane sun firgita sun ture wani kan dogo fa? Sai ka busa wa mutum biyu ke nan."

Maganar ta shige shi, amma bai nuna ba. "Kai ɗan ina ne?"

"Wannan bai shafe ka ba."

"Ya shafe ni. Nan da ka kafa teburinka kana min wa'azi, makewayin gidan su Abaynesh ne. Shi ya sa maganarka take wari."

Ɗaya daga cikin masu gadin ya toshe baki ya fita. Shugaban ya ce a kira 'yan sanda. Amma kafin a kira, ƙofar ofishin ta cika. Zenebech ce da wasu mata sun zauna dirshan a bakin ƙofa suna kuka suna kiran sunan Bogalech, masu wucewa na taruwa. Shemsu ya kutso da hularsa a karkace, ya ce shi ya tsaya masa, kowa a tashar nan ya san shi, tsohon nan baƙin ciki ne ya taɓa shi. Shugaban ya dubi matan, ya dubi agogo, ya ga ba riba.

"Ku tafi da shi. Ƙaho ya zauna a nan. Kuma in na sake ganin sa a dandamalina, ba ruwana da furfura."

Zeleke ya yi rantsuwa ba zai fita ba sai da ƙahonsa. Sai da mata suka ja shi. Ƙahon bai dawo hannunsa ba har yau.

Zenebech ce ta ɗauki sauran aikin. Ta bi mutane a waya ɗaya bayan ɗaya, wannan ya ba ta lambar wancan, aka sa ranar addu'ar arba'in a wata Lahadi. Babu tanti, babu fili. A ƙarƙashin gadar jirgin suka yi, Shemsu ya ɗaura tamfol ɗinsa a jikin ginshiƙai, aka aro benci daga coci. Yeshiwork ta kwashe yini guda tana dirje tukunyar da toka da yashi, tana yi tana hawaye, sannan ita da Zenebech suka ɗora nifro.

An zo. Ba taron da ya dace da Bogalech ba ne, amma an zo, daga gabas da kudu, tsofaffi da fararen mayafai suna saukowa daga matakala suna rungumar juna, wasu ba su ga juna ba tun ranar jan fenti. Dereje bai zo ba. Fada ya fara addu'a, duk lokacin da jirgi ya bi ta sama sai ya dakata har ƙarar ta wuce, Zeleke kuwa ya ɗaga kai ya harari gadar.

Ana cikin rabon nifro wata mota ta tsaya. Ato Fikadu ne ya fito da baƙar kwat, direbansa na biye da akwatin lemo. Ya gaggaisa, ya tsaya a gaba, ya gyara murya.

"'Yan'uwa, a madadin idir ɗinmu mai albarka..."

"Wace idir?"

Zeleke ne ya taso daga gindin murhu da muciya a hannu tana tururi.

"Wace idir, Fikadu? Wadda ta watse? Wadda ka ce a kira 'yan hukuma su kwashe Bogalech kamar shara?"

Fikadu ya ja da baya kaɗan. "Gashe, ka yi min adalci. Mutane sun watse, na kira taro ba mai zuwa, tanti yana ruɓewa a ɗakin ajiya. Me kake so in yi?"

"Ka zo! Ƙafarka nake so, ba tanti ba! Da ka zo ka kama ƙafar makara ɗaya, da ba ɗan dako ne ya kama ba. Ɗauki lemonka ka bar nan!"

Fada ya matso ya dafa kafaɗarsa. "Gashe Zeleke, yau ranar gafara ce."

"Abba, ku yafe masa, aikinku ne. Ni ba aikina ba ne."

Ba wanda ya tashi ya kare Fikadu, ba kuma wanda ya taya Zeleke. Kowa ya sunkuyar da kai kan kwanonsa, don da yawansu sun san su ma ba su da bakin magana. Fikadu ya ɗan tsaya, ya sunkuya wa fada, ya koma mota. Direban ya manta da akwatin. Zeleke ya ce a bi Fikadu da shi a jefa masa. Shemsu ya zauna a kan akwatin ya ce lemo bai yi wa kowa laifi ba, ya fara buɗewa da haƙori yana miƙa wa mata.

Bayan kwana kaɗan Zeleke ya dawo, ya sauka a tashar da ke kafin wannan saboda masu gadi, ya ƙaraso a ƙafa. Ya ce wa Shemsu ya rufe katakonsa ya kai shi kabarin. Ya zo da ɗan gicciyen katako da ya sa kafinta ya yi, da lauje a cikin buhu.

Maƙabartar tana can gefen gari, a kan tudu. Shemsu ya shige gaba da ƙarfin gwiwa, ya bi wani layi, ya tsaya, ya koma baya, ya sake dawowa. An ƙara sababbin kaburbura tun daga ranar, ruwan sama kuma ya fito da ciyawa ya shafe alamu. Daga ƙarshe ya tsaya tsakanin wasu tudun ƙasa biyu da ba su da suna.

"Ɗaya daga cikin biyun nan ne."

"Wanne?"

"Wallahi ina jin wannan ne. Ko kuwa wancan. Akwai wani dutse da na ajiye, an ɗauke."

"Kana jin? Ka binne mutum da hannunka ka ce kana jin? Kan naka safa ce a ciki?"

"Da ka zo ranar ai da ka riƙe da naka kan mai kyau!"

Zeleke ya daɗe a tsaye yana duban tudun biyu. Sannan ya durƙusa da ƙyar ya zaro laujen ya fara da na dama. Da ya gama ya ja gwiwa ya koma na hagu.

"Duka biyun za ka nome?" in ji Shemsu.

"Shi ma ɗayan, ko wane ne, ba ka ga ba mai zuwa masa ba? Kawo dutse mu kafa gicciyen a tsakiya. Ba wannan ba, babba! Komai sai an nuna maka?"

Shemsu ya tafi neman dutse yana mita, Zeleke ya ci gaba da sara.